Motar Kwana a Kudancin Maroko: Yadda Za Ka Kula da Sola da Batiri

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, hanyoyin kudancin Maroko suna cika da motocin nan masu gado da kicin a ciki. Galibinsu na Turawa ne da suka gudo wa sanyin ƙasashensu, suka tsallako ruwa daga Sifen zuwa Tanja, amma ana samun na haya a cikin ƙasar ma. Idan ka yi niyyar ɗaukar ɗaya ka haura tsaunukan Atlas, ka gangara Warzazat, ka dangana da tuddan yashin Marzuga, to ka fara sanin halin wutar motar tun kana gaban mai ita.

Batiri biyu ne a ciki. Ɗaya na tayar da inji, ɗaya kuma na ɗaki, shi ke riƙe da firji da fitilu da famfon ruwa da cajin waya. Abin da za ka fara tambaya shi ne, na ɗakin wane iri ne? Idan mai dalma ne, irin wanda ake rubuta AGM a jikinsa, rabinsa kawai naka ne: 100Ah na nufin 50 za ka ci, in ka riƙa zarce haka kana rage masa kwana. Idan litiyom ne, kana iya cin kashi 80 cikin 100 hankali kwance.

Mu da muka saba da sola a Kano ko Maraɗi, nan ne ido ke yaudararmu. Za ka ga sama tas, babu ko ɗigon gajimare, ka ce ai wuta ta samu. Sai dai Marzuga tana can arewa da mu sosai. A watan Disamba, ko da tsakar rana, tsayin rana daga doron ƙasa bai wuce digiri 36 ba, alhali a Kano ya haura 50. Farantin sola kuma a kwance yake a rufin mota, hasken a karkace yake zuwa masa, ga yinin gajere. Faranti mai wat 200 zai iya tara maka kimanin 45Ah zuwa 50Ah a yini mai kyau. Yanzu ɗora abin da za ka kashe a kai. Firji zai sha 25 zuwa 40, hitar dizal ta dare 10 zuwa 20, fitilu da famfo da wayoyi wajen 10. Ka ga abin da ke shiga da abin da ke fita sun yi kunnen doki, wani lokaci ma da giɓi. Batirin nan randa ce, ba rijiya ba; abin da ka zuba da rana shi za ka ɗiba da dare. Ko babbar tashar sola ta Noor da ke wajen Warzazat, wadda aka buɗe kashinta na farko a 2016, sai da aka yi mata dabarar adana zafi a cikin narkakken gishiri kafin ta iya ba da wuta bayan magariba.

Saboda haka wurin tsayawa ya zama abin dubawa. A zangunan kwarin Dara da Tafilalt dabino ya yi yawa, rai kuma yana son inuwa. A wannan lokaci ka guje ta. Inuwar reshe ɗaya a gefen faranti tana iya zubar da wutarsa fiye da yadda ido zai kintata, domin sassan cikinsa a jere aka haɗa su, wanda ya raunana yana jan sauran. Haka ma ƙura. Ka sa tsumma mai laushi da ɗan ruwa ka goge farantin da sassafe kafin ya yi zafi, kada ka dirje shi a bushe, yashi yana karce gilashi. In akwai ƙarin faranti mai naɗewa, ka jingina shi yana fuskantar kudu, a miƙe sosai; sau da yawa yakan fi na rufin kawo wuta a irin wannan wata.

Sanyin dare shi ne abin da na fi so matafiyi ya ɗauka da gaske. A mashigin Tishka, sama da mita 2,000, da ma cikin hamadar kanta, zafin yanayi yana sauka zuwa sifiri ko ƙasa da haka a Janairu. Batirin litiyom zai ci gaba da ba ka wuta a wannan sanyi, amma ba a yi masa caji idan jikinsa ya yi ƙasa da digiri 0, don yana yi masa illar da ba ta gyaruwa. Masu kyau suna da na'urar da ke yanke cajin da kanta. Ka tambaya ko naka yana da ita. In babu, ka bari ɗakin ya yi ɗumi da safe kafin wuta ta shiga. Ita kuma hitar dizal tana zuƙar wajen amfiya 10 a 'yan mintocin kunnawa, sannan tana bukatar a bar ta ta huce da kanta in an kashe. Batirin da ya mutu da asuba yana iya yanke ta tana tsaka da aiki, ga sanyi ga kuma haɗarin lalata ta. Don haka ka duba ragowar wutarka tun da la'asar, ba bayan isha'i ba.

Yadda ake dubawar ma ya bambanta. Mai dalma, in ya huta ba a jan komai, bolt 12.7 cike yake, 12.2 ya kai rabi, a nan za ka tsaya. Litiyom kuwa yana zama a wajen 13.2 kusan har ya ƙare, lambar ba za ta gaya maka gaskiya ba, sai mitar da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita.

Butar shayi ta lantarki kada ta kusanci inbata. Wat 2,000 a kan bolt 12 ya haura amfiya 160, wayoyi za su yi zafi, batiri ya zube nan take. Ka dafa da gas. Inbatar ma ka kashe ta in ba ta aiki, tana shan wuta ko babu komai a jikinta.

Ranar da aka tashi da hazo, tuƙi ne zai cece ka, musamman in motar tana da cajar da ake kira DC-DC, domin sababbin injuna ba sa tura wa batirin ɗaki isasshiyar wuta in babu ita. Barin inji yana aiki a tsaye ɓarnar mai ce, ga takura wa maƙwabta. Duk bayan kwana uku ko huɗu ka shiga zango mai wutar bolt 220 ka kwana a jone, musamman in batirinka mai dalma ne, wanda zama rabi-rabi ke kashewa. Ka tafi da doguwar waya da fulogi irin na Turai mai baki biyu, ka kuma tambayi mai zangon amfiya nawa soket ɗinsa ke ɗauka kafin ka jona.