Yadda Ake Ɗora Batir a Mota ko Tarakta Cikin Aminci

Gabatarwa

Manomi zai iya canza batirin motarsa ko taraktarsa a gida idan ya bi ƙa'ida. Galibin waɗannan batura masu ƙarfin bolt 12 ne. A cikinsu akwai dalma da ruwan asid mai ƙona fata, kuma suna fitar da iskar haidurojin wadda tartsatsi kaɗan ke iya tayar da ita. Saboda haka babban abin kiyayewa shi ne wayar da za a fara taɓawa.

Kafin a fara

A kashe inji, a zare makulli, a ja birkin hannu. A yi aikin a sarari, nesa da taba da fitilar kananzir. A cire zobe da agogo, a sa safar hannu da tabarau. A tabbatar sabon batir ya yi daidai da tsohon wajen girma da ƙarfi.

Cire tsohon batir

1. A fara kwance waya mai alamar ɗebewa (−), wadda ke haɗe da jikin mota.
2. Sannan a kwance mai alamar tarawa (+).
3. A kwance maɗauri, a ɗaga batirin a miƙe, kada ya karkata.

Dalili kuwa shi ne, muddin wayar (−) na haɗe, duk ƙarfen motar hanyar wuta ne. Idan sifana ta taɓa kan (+) da jikin mota lokaci guda, tartsatsi zai tashi, batir na iya fashewa.

Ɗora sabo

1. A goge bakin wayoyin har farin garin da ya taru ya fita.
2. A zaunar da batir, a ɗaure maɗaurinsa sosai saboda girgizar hanyar gona.
3. A fara haɗa (+), wanda kansa ya fi kauri, sannan (−).
4. A shafa ɗan giris a kawunan.

Gwaji

Cikakken batir yana nuna kimanin bolt 12.6 a mita. Idan inji na aiki, ya kamata ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka alama ce cewa caji ba ya shiga, sai a nemi bakanike.

Gargaɗi

Idan asid ya fantsama a ido ko fata, a wanke da ruwa mai yawa na minti 15, sannan a garzaya asibiti. Kada a fasa tsohon batir ko a yar da shi kusa da rijiya, domin dalma guba ce, musamman ga yara. A mayar da shi wurin masu sayar da batir.