Yadda Ake Tattara Hankali Wuri Ɗaya Don Rage Damuwar Yau da Kullum

Ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, kana cikin Keke Napep a shataletalen Wunti, zafi kamar ya tsaga kai, direba na musu da fasinja a kan canji. Jikinka yana nan, amma zuciyarka ta tafi kuɗin makarantar yara, ta leƙa bashin mai shago, ta koma kan maganar da wani ya yaɓa maka jiya. Wannan yawon na zuciya ya fi aikin kansa gajiyar da mutum.

Malamanmu sun daɗe da sanin maganinsa. Imamu Gazali ya yi dogon bayani a kan halartowar zuciya cikin sallah a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. A shekarar 1979 kuma, wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, inda ake koya wa masu fama da ciwo da damuwa lura da numfashinsu da jikinsu. Ga yadda za ka gwada a gida, ba tare da kashe ko kwabo ba.

1. Tsayar da lokaci. Bayan sallar Asuba ya fi, kafin hayaniyar unguwa ta tashi. Minti biyar sun isa a makon farko. Ajiye waya nesa da hannu.

2. Gyara zama. Tabarma ko kujera duk ɗaya ne, in dai bayanka a miƙe yake, kafaɗunka a sake. Lumshe ido, ko ka kafa shi a wuri guda a ƙasa.

3. Bi numfashi. Shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, ka saki a hankali kana ƙirga shida. Fitar da iska a hankali kan sassauta bugun zuciya, jiki ya gane babu haɗari. Bayan sau goma, daina ƙirga, ka lura kawai da yadda ciki ke tashi yana sauka.

4. Dawo da hankali duk lokacin da ya kuɓuce. Nan ne ainihin aikin. Hankali kamar akuya yake, ko numfashi uku ba za ka yi ba ya tsinke igiya ya nufi kasuwar Muda Lawal yana tambayar farashin masara. Mutane da yawa a nan suke cewa sun kasa, su bari. Ba kasawa ba ce. Mai akuya ba ya dukanta don ta yi yawo, kamo ta yake ya mayar turke. Da ka farga, ce a ranka "tunani ne", ka koma kan numfashi. Ko sau talatin ka yi haka, sau talatin ke nan ka horar da hankalinka.

5. Duba inda damuwa ta maƙale a jiki. Bi daga tafin ƙafa zuwa kai. Wani a wuya take zama, wani a muƙamuƙi, wani a ƙirji. In ka samu wurin, yi numfashi biyu kana sassauta shi.

6. Shigar da shi cikin harkokin rana. Wajen alwala, ji sanyin ruwa a kowace gaɓa. In an kawo maka masa da miyar taushe, ci lomar farko uku ba waya ba hira, ka ji ɗumi da ɗan tsaminta. Uwargida ma tana iya yin haka a bakin tanda, tana sauraron ƙarar mai. A layin banki ko cunkoson Gidan Mai, numfashi biyar sun fi tsaki goma amfani.

7. In rai ya ɓaci, jinkirta amsa. Kana tsaye, zauna. In da hali, yi alwala, kamar yadda Sunna ta koyar. Magana zarar bunu ce.

Ka sani wannan horo ba ya biyan bashi, sai dai yana ba ka natsuwar da za ka tsara yadda za ka biya. In damuwa ta wuce mako biyu tana hana ka barci, ci, ko fita nema, je ka ga likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibiti mafi kusa. In kuwa ta yau da kullum ce, gobe da Asuba shimfiɗa tabarma ka fara. Akuyar za ta tsinke, kai dai ka riƙa kamo ta.