Kisan Kuskure a Hanyar Ziyara

Lokacin Maulidi motoci kan cika maƙil zuwa Kiota, direba ya kwana yana tuƙi. Idan gyangyaɗi ya sa ya hallaka wani, kisan kuskure ke nan. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara. A Malikiyya diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1000, danginsa na wajen uba ke biya cikin shekara 3. Magada na iya yafe diyya, amma kaffara haƙƙin Allah ce: azumin wata biyu a jere. Binciken jandarma da hukuncin kotu ba su sauke ta. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta wanke sakaci. Muridin da barci ya rinjaya, ya tsaya ya huta. Allah Ya kiyaye.