Filin Manoma: Tattalin Itace Da Hatsi A Lokacin Tsada

Darasin wannan mako a kan murhu da rumbu ya ke, domin nan ne kuɗin gida ya fi zurarewa. Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga wajen naira 195 ta haura 500, har ta wuce naira 1,000 a Oktoba, 2024. Kuɗin mota ya hau, kome ya bi shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamba, 2024, tashin farashi ya kai kashi 34.8 cikin 100. A 2025 kuwa hatsi ya faɗi a kasuwa, amma taki bai sauko tare da shi ba. Watau manomi ya sha wuya ta fuska biyu.

A Kekun Waje da sauran ƙauyukan ƙasar Bungudu, Tsafe da Gusau akwai ƙarin wata wahala. Da can yaro ya kan shiga daji ya yo itace kyauta. Tun da 'yan bindiga suka addabi Zamfara, shiga daji ya zama sai da rai, itace kuwa ya zama abin saye. Saboda haka kowane dami da aka tsimi, kuɗi ne aka ajiye, kuma tafiya ce mai hatsari aka rage.

Ga lissafi, don misali. Gidan da ke ƙona itacen naira 500 kullum, a shekara ya ƙona naira 182,500. In aka rage sulusi kawai, an tsira da fiye da naira 60,000. To, ga hanyoyin da za a bi.

Na farko, gyaran murhu. Murhun duwatsu uku ɓarna gare shi, gama iska ta kan kwashe wutar ta kowane gefe, kaɗan ce ke taɓa tukunya. Maganinsa a yi masa katanga. A samo yumɓu ko ƙasar suri, a kwaɓa da ƙaiƙayi da kashin jaki ko na shanu, a rufe kamar mako guda har ta ruɓa. Sa'an nan a kafa duwatsun nan uku, a ɗora tukunyar da aka saba girki da ita, a gina katanga kewaye da ita har kusa da wuya. A bar tsakanin tukunya da katanga kamar kaurin yatsa, domin ta nan wuta za ta bi ta lashi jikin tukunyar, hayaƙi kuma ya fita. A yanka ƙofa guda ɗaya ta sa itace, faɗinta kamar tafin hannu. A bar shi ya bushe a inuwa kafin a hura wuta, in ya tsage a shafe da ƙasa. Irin wannan murhu, in an gina shi daidai, ya kan rage sulusin itace ko fiye. Ba a sayen kome wajen gininsa, kuma uwargida da kanta tana iya yi. A Jamhuriyar Nijar tun shekarun 1980 maƙera ke ƙera na ƙarfe, wanda a ke kira Mai Sauƙi.

Na biyu, dabarun girki. Ɗanyen itace wani sashe na ƙarfinsa wajen ƙone ruwan jikinsa ya ke tafiya, sai hayaƙi. A faskara shi ƙanana, a jera a rana ya bushe. Kada a cusa wa murhu itace da yawa, guda biyu ko uku sun isa. A rufe tukunya da murfi kullum. Wake kuwa a jiƙa shi tun da dare. In an gama girki a zare itacen da ya rage a turbuɗe shi cikin yashi, gobe ya yi amfani.

Akwai kuma dabarar kwando. A sami babban kwando a shimfiɗa masa tsummoki ko ƙaiƙayi a ciki sosai. In shinkafa ta tafasa kamar minti biyar, a sauke tukunyar a rufe, a sa ta cikin kwandon a lulluɓe. Zafin da ke cikinta shi zai ƙarasa dahuwar cikin abin da bai kai sa'a guda ba. Jiƙaƙƙen wake ya tafasa kamar minti ashirin, ya yi sa'a biyu ko uku a kwando. Ba ƙonewa, ba ƙanzo, ba itace.

Na uku, jin ɗumi da hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu mutane su kan shiga ɗaki da kaskon gawayi, su rufe ƙofa da taga su kwanta. Wannan ya sha kashe mutane. Gawayi yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ko da garwashin ya yi jawur ba ya hayaƙi. Alamarta ciwon kai, jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin kome sai dai a wayi gari a tarar da shi. A ji ɗumi a tsakar gida ko a zaure buɗe, sa'an nan a kashe wutar kafin kwanciya. In an ga wani ya jigata, a fitar da shi waje nan da nan, a kai shi asibiti. Abin da ya fi kasko araha shi ne a toshe kafofin da iska ke shiga, a rataya asabari a ƙofa, a ƙara tabarma ƙarƙashin shimfiɗa, a sa wa yara hula da safa. Bargo sau ɗaya a ke sayensa, gawayi kuwa kowane dare. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Na huɗu, itace daga gonar mutum. A ƙasar Maraɗi, tun 1983, wani ma'aikacin aikin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara da ransu. Aka koya wa manoma su bar tsiro biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran. Can suna kiran wannan sassabin zamani. An kiyasta cewa ta haka bishiyoyi kamar miliyan 200 suka dawo a hekta miliyan 5 na Nijar. Manomin Kekun Waje yana iya yin haka da sabara, kalgo da gawo a gonarsa ta kusa da gari. Rassan da a ke datsewa su ne makamashi. Gawo kuwa da damina ya ke zubar da ganye, ba ya shanye wa gero rana, ƙasar ƙarƙashinsa ta fi ƙarfi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma kada a ƙone kashin shanu a murhu, gona ce ke da haƙƙinsa.

Na biyar, rumbu. Babbar asarar manomi ita ce ya sayar da hatsi da kaka lokacin araha, ya koma saye da bazara lokacin tsada. Kafin ya kai ko tiya ɗaya kasuwa, ya ƙidaya tiya nawa gidansa ke ci a mako, ya ninka sau 52, ya ware wannan da iri. Abin da ya rage shi ne na sayarwa. Wake kuwa, wanda ƙwari ke tilasta wa mutane su sayar da wuri, a zuba shi cikin buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara yaɗawa a 2007. Leda biyu ce a ciki da buhu a waje. A shanya waken sosai, a ɗaure kowace leda dabam. Iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu, ba tare da an sa magani ba.

Malamin ofis da ɗan kasuwa na Gusau, waɗanda ba su da rumbu, su ma da nasu rabo. Su haɗu mutum uku ko huɗu su sayi buhu da kaka su raba, ya fi awon tiya kullum sauƙi. Kowa ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da ya fita kowace rana. Wata guda ya isa ya nuna inda ƙofar ɓarna ta ke.

Duk wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa, ya kuma gaya wa matan gidansa, domin a hannunsu murhu ya ke. Allah ya kawo zaman lafiya a Zamfara, ya sa albarka a abin da aka noma, amin.