Radish Ba Karas Ba Ne, a Daina Zagin Mai Iri

Tun da wasu samari a Rano da Kibiya suka fara gwada radish a gefen fangalin albasa da latas, ƙorafi guda nake ji kowane rani: wai irin jabu aka sayar musu. An tumɓuke, an tarar cikinsa ya yi sakwa-sakwa kamar soso, ga yaji mai sa hawaye, wani ma ya tsage biyu. Sai a ɗauki ragowar iri a tafi yi wa mai shago tijara. Wannan zance ya ishe ni.

In na tambaya kwana nawa ya yi a ƙasa, amsar ba ta wuce, "Ai wata biyu ne kacal, ranka ya daɗe, ko karas sai ya yi uku." To, nan gizo ke saƙar. Wa ya ce muku dangin karas ne? Don duk biyun suna yin saiwa a ƙasa? Radish ɗan gidan su kabeji ne. Murza ganyensa ka shinshina, hancinka zai gaya maka. Ƙaramin ja kewayayye, wanda aka fi kawowa nan, yana tsirowa cikin kwana 3 zuwa 5, ya isa cira a kwana 25 zuwa 30. Dogon farin nan da Japanawa ke kira daikon shi ne ke kai kwana 50 zuwa 60. Wanda ya bar jan ya yi wata biyu, da hannunsa ya lalata shi.

Bari in nanata, don nan ake faɗuwa: radish ba ya jira. Albasa kana iya ja mata rai har farashi ya tashi. Wannan kuwa da ya nuna, kwanaki kaɗan gare ka. Ya wuce haka, sai ya tsufa, ya fitar da kara ya yi fure, saiwar ta zama abincin awaki. Daga kwana na 20 ka riƙa duba gindinsa kullum. Za ka ga kafaɗarsa ja ta ɗago ƙasa. Cire ɗaya, ka yanka da wuƙa. In cikin fari ne tas, da ruwa-ruwa, yana ƙaras-ƙaras a baki, to lokaci ya yi, ko dillali ya zo ko bai zo ba. Shi ya sa ba a yafa shi gaba ɗaya. Fangali biyu wannan mako, biyu mako mai zuwa.

Sauran dalilan kowane ɗan lambu ya san su. Zafi na ƙara masa yaji, don haka shukarsa daga Nuwamba zuwa Janairu ce, cikin hunturu, ba Maris ba. A bar ƙasa ta bushe sannan a malala ruwa, zai tsage. Takin yuriya da yawa ganye zai ba ka. Ba a dashensa, kuma in ya tsiro cunkus a rage, a bar tazarar yatsu uku.

Ban wanke masu shago tas ba. Akwai masu fasa gwangwani su ƙulla iri a leda, babu suna, babu adadin kwana, manomi bai san ja ya saya ko fari ba. Malaman gona kuma ba sa isa ko'ina. Tun 1974 aka gama dam ɗin Tiga, ga na Ruwan Kanya kusa, ruwa bai zama matsalarmu ba kamar wasu wurare, amma har yau sabon iri a bakin maƙwabci ake koyon nomansa. Daga nan ne ma ake kwaso ɗabi'ar fesa masa maganin tumatir ana gobe cira, alhali ɗanye ake cinsa.

Abu na ƙarshe, kasuwa. Mutanenmu ba su saba da shi a tukunya ba. Masu sayensa otal-otal ne da baƙi mazauna Kano, ta hannun 'yan kasuwar Yankaba da Sabon Gari. Ɗan'uwa, kafin ka zuba iri, ka sami wanda zai karɓa, ku tsayar da rana, sannan ka rubuta ranar shuka a bangon ɗaki.