Darasin Tarihi: Zaman Kurkuku A Tsibirin Roben

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Mutumin Roni ko Gwiwa ya saba da duwatsu da gonaki da hanyar ƙasa. In ya ga dama sai ya hau keke ko mota ya tafi Kazaure ko Babura, ba mai tare shi. Wanda aka kai tsibiri kuwa ba shi da wannan dama. Gabas ruwa, yamma ruwa, kudu da arewa duk ruwa.

Shi ya sa masu mulkin danniya suke gina kurkuku a tsibiri. Ba tsare fursuna kaɗai suke nufi ba. So suke a manta da shi, ya zama kamar ya mutu alhali yana da rai. Raba shugaba da jama'arsa tsohuwar dabara ce. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sun kama Sarki Alu suka kai shi Yola, daga nan Lokoja, inda ya rasu a 1926. A Afirka ta Kudu kuwa, tsakiyar teku ake kai irin waɗannan shugabanni, wani wuri da ake kira Tsibirin Roben. Wannan darasi zai bayyana yadda zaman wurin ya kasance.

Ina Tsibirin Yake?

Tsibirin Roben yana can ƙarshen nahiyar Afirka ta wajen kudu, kusa da birnin Kef Tawun. Tsakaninsa da gaɓa mafi kusa kamar kilomita 7 ne. Tsawonsa bai kai kilomita uku da rabi ba, faɗinsa kuma bai cika kilomita biyu ba. Mai ƙafa zai ratsa shi cikin sa'a guda. Wanda ke cikinsa yana hango birnin da babban dutsen da ke bayansa, amma ba halin zuwa. Ruwan tekun wurin sanyi ƙarara ne, ga igiya mai ƙarfi.

Mutanen Farko Da Aka Ɗaure

Turawan Holan ne suka fara mai da tsibirin wurin ɗauri, fiye da shekara 350 da suka wuce. Suna kai shugabannin 'yan ƙasa da suka ƙi bin su. Suna kuma kawo sarakuna da malamai Musulmi daga tsibiran Indunusiya, inda suke mulkin mallaka.

Ɗaya daga cikin malaman nan shi ne Imam Abdullahi ɗan Alƙali Abdussalam, wanda aka fi sani da Tuwan Guru, wato babban malami. An kawo shi a 1780. Ba shi da littafi ko ɗaya a hannu, amma mahaddaci ne. A cikin ɗaurin ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka, kamar yadda alarammomin ƙasar Hausa suke yi. Da aka sake shi ya buɗe makaranta a Kef Tawun, ya kuma zama limamin masallacin farko na ƙasar, wanda aka kafa a 1794.

Bayan Holan sai Ingila. A 1819 suka ɗaure wani jagoran ƙabilar Kosa mai suna Makana saboda ya yaƙe su. A 1820 shi da wasu fursunoni suka ƙwace kwale-kwale suka nufi gaɓa. Igiya ta kifar da su, Makana ya nutse. Daga 1846 zuwa 1931 kuma aka riƙa kai kutare da masu taɓin hankali tsibirin, don a raba su da sauran jama'a.

Zamanin Wariyar Launin Fata

A 1948 gwamnatin Turawa tsiraru ta kafa dokokin wariyar launin fata. Baƙar fata ba shi da ƙuri'a, ba ya zama inda yake so, ba ya tafiya sai da takardar izini. Waɗanda suka tashi neman 'yanci sai a kama su. Daga 1961 aka mai da Roben babban kurkukun fursunonin siyasa. Maza kaɗai ake kaiwa, kuma ban da Turawa. Gandirobobin kuwa duk Turawa ne.

A watan Yuni na 1964 aka kawo Nelson Mandela da Walter Sisulu da Govan Mbeki da Ahmed Kathrada da wasu, bayan an yanke musu ɗaurin rai da rai. Lambar Mandela ita ce 466/64, wato fursuna na 466 da aka shigar a shekarar 1964.

Makwanci Da Sutura

Manyan shugabanni an ware su, kowa da ɗakinsa. Ɗakin Mandela bai wuce ƙafa 8 a tsawo da ƙafa 7 a faɗi ba. Babu gado sai tabarma a kan siminti, da barguna marasa kauri, da bokitin bayan gida. Ƙwan lantarki yana kunne dare da rana. Sauran fursunoni kuwa ana cusa su a manyan ɗakuna, mutum hamsin ko fiye a ɗaki guda.

Lokacin sanyi a can yana zuwa ne daga Yuni zuwa Agusta, kuma tare da ruwan sama yake zuwa. Duk da haka gajeren wando ake ba baƙar fata, komai tsufansa, don a nuna masa shi yaro ne. Ɗan asalin Indiya kuwa a ba shi dogon wando da safa. Wanka da ruwan sanyi mai gishiri ake yi.

Abinci

Ko a akushi ma akwai wariya. Da safe kowa zai sami kunun masara mai kauri. Da rana a ba baƙar fata dafaffiyar masara da wani gari da ake damawa da ruwa. Da yamma kunun masara kuma, wani lokaci da ɗan ganye ko guntun nama mai jijiya. 'Yan Indiya da barbarar yanyawa ana ƙara musu burodi, baƙar fata kuwa babu. An yi haka ne don a haddasa gaba tsakaninsu. Amma sai suka riƙa haɗa abincinsu suna rabawa daidai. Wanda ya yi laifi a idon gandiroba, horonsa shi ne a hana shi abinci sau uku a jere, ko a kulle shi shi kaɗai.

Aikin Wahala

Ana tashin fursunoni da ƙarfe biyar da rabi na asuba. Kowa ya wanke bokitinsa, ya sha kunu, sai aiki. Da farko zama suke a layi a tsakar gidan yari suna fasa dutse da guduma, ba a yarda kowa ya yi magana ba.

A farkon 1965 aka fara kai su Mandela ramin haƙar farar ƙasa. An ce musu aikin wata shida ne, amma sai da suka shekara 13 suna yi. Da diga da shebur suke haƙa har ƙarfe huɗu na yamma. Hasken rana in ya doki farar ƙasar sai ya dawo cikin ido, ga ƙura. Sai da suka yi shekara uku suna roƙo kafin a yarda su sa tabarau. Idanun Mandela ba su warke daga wannan lahani ba har ƙarshen rayuwarsa. Wasu fursunonin kuma ana tura su fasa dutse a bakin teku, ko tsamo ciyawar teku daga ruwan sanyi. A shekarun farko duka ya yi yawa. Akwai wanda aka binne a rairayi har wuya, aka bar shi cikin rana.

Rabuwa Da Iyali

Fursunoni da yawa sun ce wannan ya fi yunwa da duka ciwo. Sabon fursunan siyasa wasiƙa ɗaya tak yake aikawa, ya karɓi ɗaya, cikin wata shida, kuma kada ta wuce kalma 500. Gandirobobi sukan karanta ta, su yanke abin da ba su so da reza. Ziyara ma sau ɗaya ce cikin wata shida, ta minti talatin, ga gilashi a tsakani. Yaron da bai kai shekara 16 ba ba ya zuwa ganin ubansa. Babu jarida, babu rediyo, babu agogo.

Mahaifiyar Mandela ta rasu a 1968. Babban ɗansa ya rasu a haɗarin mota a 1969. Duka biyun an hana shi zuwa jana'iza. Wani shugaba mai suna Robert Sobukwe kuwa, daga 1963 zuwa 1969 yana tsare shi kaɗai a wani ɗan gida, ba a barinsa ya yi magana da sauran fursunoni.

Yadda Suka Jure

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fursunonin sun gane cewa wanda ya zauna shi kaɗai zai karye, saboda haka suka haɗa kai. Suka kafa kwamitoci a ɓoye. Suna aika saƙo daga sashe zuwa sashe a cikin kwalin ashana, ko a ƙarƙashin abinci a tukunya. Idan wulaƙanci ya yi yawa sai su shiga yajin cin abinci gaba ɗaya, kamar yadda suka yi a 1966.

Sannan suka mai da kurkukun makaranta. A cikinsu akwai lauyoyi da malamai da likitoci, akwai kuma manoma da leburori da ba su taɓa shiga aji ba. Wanda ya iya sai ya koya wa wanda bai iya ba. Suna rubutu a kan rairayi da yatsa, suna yanka takardar buhun siminti su yi littafi. A ramin farar ƙasa, hannu na kan diga, baki na ba da darasi. Mutane da yawa sun shiga ba su iya rubuta sunansu ba, suka fito suna rubuta wa iyalinsu wasiƙa da kansu. Wasu suka yi karatun jami'a ta hanyar wasiƙa. Kathrada ya sami digiri huɗu yana ɗaure. Har ƙungiyar ƙwallon ƙafa suka kafa, suka sa mata sunan Makana.

A 1975 Mandela ya riƙa rubuta tarihin rayuwarsa da dare a ɓoye. Aka binne takardun a lambu cikin gwangwani. Gandirobobi suka tono su, aka hana shi karatu shekara huɗu. Amma an riga an kwafe rubutun da ƙananan baƙaƙe, wani fursuna mai suna Mac Maharaj ya fita da shi da aka sake shi a 1976.

Idon Duniya

Labari yana fita, duniya tana ji. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta riƙa kai ziyara. Ƙasashe da yawa, har da Nijeriya, suka matsa wa gwamnatin wariya lamba. Sannu a hankali abubuwa suka sauya. Aka ba kowa dogon wando. A 1977 aka daina aikin haƙa. A 1979 aka daidaita abinci. A 1980 aka fara barin jarida ta shiga.

Mandela ya shekara 18 a tsibirin. A 1982 aka mai da shi wani kurkuku a kan tudu. An sake shi ranar 11 ga Fabrairu 1990, bayan shekara 27 a ɗaure, ya kuma zama shugaban ƙasa a 1994. Wasu tsofaffin fursunonin Roben biyu, Kgalema Motlanthe da Jacob Zuma, su ma sun shugabanci ƙasar daga baya. Fursunonin siyasa na ƙarshe sun bar tsibirin a 1991, aka rufe kurkukun a 1996. Yanzu gidan tarihi ne, kuma tsofaffin fursunoni suna cikin masu zagayawa da baƙi.

A Nijeriya Ma An Yi

A 1978, zamanin mulkin soja, an buɗe wani sansanin tsare mutane a tsibirin Ita Oko, kusa da garin Epe a Jihar Legas. Fadama mai kadoji ce ta kewaye shi, ba a zuwa sai da jirgin ruwa ko jirgi mai saukar ungulu. An tsare mutane a can ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Shekara goma mafi yawan 'yan ƙasa ba su san da shi ba. Sai a 1988 lauyoyin ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta CLO suka tona asirin wurin a jaridu, daga nan aka rufe shi.

Abin Lura

Fursunonin Roben duniya ta san sunayensu, shi ya sa ba a iya ɓatar da su ba. Na Ita Oko ba wanda ya san inda suke, sai ranar da aka rubuta labarinsu aka buga. Ke nan babban makamin kurkukun tsibiri shi ne mantuwa, maganinsa kuwa rubutu da bin sawu.

Wannan ya shafi kowane gida. Sashe na 35 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce wanda aka kama dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. In babu, cikin kwana biyu, ko wani lokacin da kotu ta ga ya dace. Laifin da hukuncinsa kisa ne yana da nasa tsarin daban. Idan an kama wani, danginsa su rubuta ranar da wurin da aka kai shi, su riƙa ziyartarsa, su nemi lauya. Gwamnatin tarayya tana da hukumar da ke ba talaka lauya kyauta. Ko mai laifi ne, ɗaurin da alƙali ya yanke masa shi ne horonsa, ba yunwa da duka ba.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri, kuma don me ake gina kurkuku a cikinsa?
2. Wane aiki Tuwan Guru ya yi a lokacin da yake ɗaure?
3. A faɗi hanyoyi biyu da aka nuna wariya tsakanin fursunoni.
4. Shekara nawa Mandela ya yi a Tsibirin Roben?
5. Ta yaya aka gano sansanin Ita Oko?
6. Me ya kamata dangi su yi idan an kama ɗan'uwansu?