Yadda Ake Auna Haɗarin Hanya Kafin a Tsallaka Iyaka da Mota

Idan mutumin Kakuri ko Barnawa a Kaduna ya yi niyyar zuwa Maraɗi ɗaurin aure, ko Kwatano ɗauko mota, ko Akra ziyarar ɗa, tambayar farko da yake yi ita ce, "Ƙasar lafiya kuwa?" Wannan tambaya ba ta kai mutum ko'ina. Ƙasa ɗaya tana da hanyar da za ka bi kana gyangyaɗi, tana kuma da wadda soja ma ba ya bi sai da ayari. Abin da ake aunawa shi ne zango: daga wane gari zuwa wane gari, a wace sa'a, cikin wace irin mota.

Saboda haka aikin farko na takarda da biro ne. Rubuta hanyar tun daga ƙofar gidanka, ka yanyanka ta. Mai zuwa Maraɗi zai hau titin Nnamdi Azikiwe daga kudancin gari ya ɓulla Kawo, ya miƙe Zariya zuwa Kano, kimanin kilomita 230 daga Kaduna. Daga Kano zuwa Katsina kusan 170 ne, sannan Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi, wajen 90 daga Katsina. Akwai yanke daga Zariya ta Funtuwa, amma yana kusantar da kai ƙananan hukumomin da ke gefen dajin Rugu. Mai zuwa Yamai shi ma yana da zaɓi biyu: ya bi Funtuwa, Tsafe, Gusau, Sakkwato, Illela ya faɗa Birnin Ƙonni, ko ya zagaya ta Maraɗi ya hau babbar hanyar Nijar da ta bi ta Dogon Dutsi da Doso. Ta farko ta fi gajarta, ta biyu ta fi tsawo da cin mai. Mai zuwa Kwatano kuwa ta Gonin Gora zai fita, ya wuce Rijana da Katari da Jere, Abuja, Lokoja, har Legas da Seme. Tsohuwar hanyar Legas ta Buruku da Birnin Gwari da Tegina tana nan a taswira, kuma manhajar waya tana iya nuna maka ita don ta fi kusa. Manhaja nisa take ƙirgawa, ba ta san wanda ke kwana a dajin ba.

Da ka gama wannan rubutu za ka lura da abin da mutane ba su cika son faɗa ba: a tafiye-tafiye da yawa, zangon da ya fi ban tsoro yana cikin Najeriya, kafin ma ka hango shingen iyaka. Ba kullum ba dai. Tsakanin Doso da Yamai akwai Kure, inda aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu a watan Agustan 2020. Yankin Tilaberi da gabashin Burkina Faso da arewacin Benin wajen gandun dajin W wurare ne da masu ɗauke da makamai suka yi kaka-gida. A farkon 2023 an kashe wasu 'yan Najeriya mabiya Tijjaniyya a cikin Burkina Faso suna kan hanyar Kaulaha. Mai niyyar wannan ziyara ta ƙasa ya kamata ya daɗe a kan takardarsa fiye da kowa.

Mataki na biyu shi ne neman labari, kuma a nan mutane suka fi sakaci. Labarin hanya yana tsufa da wuri. Na makon jiya ya riga ya zama tarihi. Wanda za ka nema shi ne direban da ya dawo jiya ko shekaranjiya. Je garejin Television ko tashar Kawo ko Mando, ka sami direbobin layin, ba 'yan kamasho ba, domin ɗan kamasho burinsa mota ta cika. Kada ka ce "Yaya hanya?", don amsar ita ce "Alhamdu lillahi." Tambaye shi ƙarfe nawa ya wuce Tsafe, ko ya tarar da sojoji a wurarensu, ina suka tsaya jiran motoci su taru, ina ne su kansu ba sa bi bayan la'asar. Tambayi mutum uku da ba su san juna ba. Inda bakinsu ya zo ɗaya, rubuta.

Ba sabon abu ba ne wannan. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba sa tashi daga zango sai madugu ya ji labarin gaba daga ayarin da ke dawowa, jagaba kuma ya san inda za a sha ruwa da inda za a biya fito. Abin da ya canza kawai shi ne yanzu labari ya yi yawa. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, babu rana babu sunan mai magana, "kada kowa ya bi hanya kaza," yana iya zama na bara. Kada ka jefar da shi, amma kada ka gina shawara a kansa sai ka ji irinsa a rediyo ko daga bakin direba. Gargaɗin da gwamnatocin Ingila da Amurka ke wallafa wa 'yan ƙasarsu ma yana da amfani a kan ƙasashen da ba ka sani ba, sai dai ka tuna cewa sukan shafa wa yanki guda jan fenti gaba ɗaya, har da unguwar da kake zaune kana karanta shi.

Daga nan sai iyaka. Kada ka ɗauka a buɗe take don a buɗe ka san ta. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da Janar Abdurahman Tiani ya hamɓarar da Shugaba Bazoum, an sake rufe ta Nijar har zuwa Maris 2024. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, tsakanin Nijar da Benin, ta ci gaba da zama a rufe bayan nan, abin da ya karya lissafin masu son zagayawa daga Yamai su gangara Kwatano. A 29 ga Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba ɗan yankin damar kwana 90 ba biza ita ce ginshiƙin irin wannan tafiya, to amma abin da jami'in da ke bakin shinge zai nema a yau shi ne abin tambaya, kuma direbobin layin sun fi kowa saninsa.

Takardu ba su da yawa, sai dai rashin ɗaya yana iya kwanar da kai a iyaka, kwanan iyaka kuwa haɗari ne mai zaman kansa. Fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS daga hukumar shige da fice; katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa; lasisin tuƙi, da na ƙasa da ƙasa daga Hukumar Kiyaye Haɗurra; takardun mota da sunanka, ko wasiƙar izini idan ta wani ce; inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wadda aka kafa tun 1982, ka kuma sa kamfanin ya tabbatar maka ƙasashen da take aiki. A bakin iyaka duwan, wato kwastan, za su yanka wa motar takardar shiga ta ɗan lokaci. Duba ranar ƙarewarta kafin ka bar tagar. Ka yi hoton komai a waya, ka bar kwafi a gida.

Yanzu aka zo awon kansa. Ɗauki kowane zango ka yi masa tambaya uku: abin da nake tsoro a nan, sau nawa yake faruwa? In ya faru, me zai ci mini? Akwai abin da zan iya yi ya ragu? Shingayen da ke tsakanin Badagiri da Seme, da "kawo na ruwa," kusan tabbas ne za ka gamu da su, amma abin da za su ci ɗan kuɗi ne da lokaci da haƙuri. Garkuwa da mutane ba kullum take faruwa ba, sai dai in ta faru tana cinye gida da gona, wani lokaci da rai. Irin wannan ba a rage shi da jarumta. Ana rage shi da sauya hanya ko sauya sa'a. Tsakanin waɗannan biyu akwai na uku, wanda a ganina ya fi su cin matafiya, kuma shi ne ba a zancensa a majalisa: haɗarin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma in an kwatanta da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Mutum zai kwana yana tunanin 'yan bindiga, ya wayi gari ya take mota 140 a kan tsohuwar taya don ya wuce daji da sauri.

Abin daɗin shi ne magani ɗaya yana rage garkuwa da haɗarin mota duka: kada ka yi tafiyar dare. Lissafa sa'o'inka ta yadda za ka ratsa zango mai haɗari da hantsi zuwa azahar, lokacin da motoci suka yi yawa, ba da duku-duku kana motar farko ba, ba kuma da almuru ba. Ka isa iyaka rana tana sama. In lissafin bai fita ba, ƙara kwana. Kuɗin ɗaki a Kano ko Katsina ko Sakkwato bai kai kuɗin taya ɗaya ba. A ƙara wa kowane lissafi sa'o'i biyu ko uku na abin da ba a zata ba, kuma tafiyar da ta wuce yini ɗaya tana son direba biyu.

Motar ma a kai ta wurin makanike mako guda kafin tafiya, ba jajibiri ba, don a sami lokacin gwada gyaran. Birki, fitilu, lagireto, belt, batir. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Jami'an kiyaye haɗurra sun daɗe suna cewa bayan shekara huɗu ta tashi aiki, ko da zanenta bai goge ba. Safaya mai iska, jak, abin kashe gobara, alamar tsayawa. Zamanin da fijo 504 ta kamfanin PAN na Kakuri ke mulkin hanya, kowane makanike daga nan har Yamai ya san cikinta. Motar zamani mai kwamfuta in ta tsaya tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi sai dai a ɗauko ta. Babbar jif mai baƙin gilashi kuma tana jawo ido. Wani lokaci hikima ita ce ka bar taka a gida, ka shiga ta haya zuwa Maraɗi, can ka hau bas irin na Rimbo.

Lokacin shekara ma yana da nasa. Da damina ruwa yana yanke hanya: ambaliyar Oktoban 2022 ta tsayar da motoci kwanaki a wajen Koton Karfe kan hanyar Lokoja, ta Mayun 2025 kuma ta yi ɓarna a Mokwa. Da hunturu hazo, da bazara zafin da ke fasa taya, da kuma sanƙarau.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu nauyi. Canza sefa tun kafin iyaka, ka rarraba kuɗin wuri biyu ko uku. Kada ka cika but da jarkokin mai kusa da iyaka, kwastan za su ɗauke ka mai fasa-ƙwauri. Kada ka karɓi ƙunshin saƙo daga kowa, ko da ɗan unguwarku ne ko abokin ibada, sai an buɗe shi a gabanka. Tiramadol ɗin da aka samu a motarka naka ne a idon doka. A ƙasashen Faransanci in jandarma ya ɗaga hannu, tsaya cak, kashe mota, gaishe shi, kada ka ɗauki hoton shinge ko barikin soja. Waya kuma ba abin dogaro ba ce, don a 2021 an katse layuka a Zamfara da sassan Katsina da Kaduna na tsawon makonni. Bar wa mutum ɗaya a gida jerin zangunanka da sa'ar da zai ji daga gare ka, ka rubuta lambobi a takarda: ta mai masaukinka, ta ofishin jakadancin Najeriya a Yamai ko Kwatano ko Lome ko Akra. Inda ba ka da kowa, zangon Hausawa yana nan a kusan duk waɗannan birane, Nima da Sabon Zango a Akra misali, kuma sarkin zango ya saba da baƙon da ya shiga matsala.

Mataki na ƙarshe a yi shi tun ana gida, hankali kwance: yanke abin da in ya faru za ka fasa. An kai hari a zangonka cikin kwanakin nan, direbobin layin sun daina bi, an ce iyaka za ta rufe, ko ka makara har tafiyar za ta kai ka dare. Faɗa wa abokan tafiya da iyali tun yanzu, domin ranar tashi kunya da kuɗin da aka riga aka kashe su ne za su yi magana, ba hankali ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma masu ɗaurin aure za su karɓi uzuri. In tafiyar ta zama dole alhali zango ɗaya ya ƙi gyaruwa, kwatanta kuɗin jirgi daga Abuja ko Legas da abin da kake shirin jefawa cikin wannan zangon. In kuwa za ka bi ta ƙasa, koma tasha da yammacin jajibirin tafiya ka sake tambayar direbobin da suka shigo ranar.